Wa Ya Ce Ka Tashi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗan sanda yana magana da oba-oba ya san yadda abin yake. Sai ka danna maɓalli ka yi magana, ka saki kafin ka ji amsa, kuma muddin yatsanka na kan maɓallin, kai kurma ne. Rediyon da matuƙan jirgin sama ke magana da hasumiyar filin jirgi haka yake har gobe, duk da tsadar jirgin da tarin na'urorin da ke gaban matuƙi. Jiragen da jami'in hasumiya ke kula da su duka suna kan zango ɗaya da shi, kowa na jin kowa, amma mutum ɗaya kaɗai ke iya magana a lokaci guda. In biyu suka danna tare, na ukun da ke saurare ba ya jin ko ɗayansu sosai, sai dai wani tsuwwa mai kashe kunne. Su kuwa masu maganar, kowanne yana ganin saƙonsa ya isa, don babu abin da zai nuna masa cewa an haɗiye shi a hanya.

Irin wannan tsuwwa na 'yan daƙiƙoƙi yana cikin abubuwan da suka taru suka kashe mutum 583 da yammacin Lahadi, 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife. Har yau ba a taɓa yin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba, kuma a ƙasa aka yi shi, a kan kwalta. Inji bai mutu ba, fiffike bai karye ba. Lafiyayyun jirage biyu ne ƙirar Boeing 747, a hannun ƙwararrun matuƙa. Duk lokacin da na koma kan labarin nan sai zuciyata ta yi nauyi, domin ba na samun mugu a cikinsa. Mutane ne da suka gaji, suka ƙosa su isa masauki, kowa ya ji abin da yake sa ran ji.

Tenerife na cikin tsibiran Kanari, mallakar Sifaniya, a tekun Atlantika daura da gaɓar Maroko. Babu ko ɗaya cikin jiragen biyu da ya nufi can tun farko. Na kamfanin KLM na Holan ya taso daga Amsterdam da masu zuwa hutu, har da yara kimanin 50. Na Pan Am ya taso daga Los Angeles, ya yada zango a New York, yawancin fasinjojinsa dattawa ne da za su hau jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Duka biyun tsibirin Gran Canaria suka nufa, wanda ke maƙwabtaka. Da misalin ƙarfe 1:15 na rana bam ya tashi a ginin fasinjoji na filin jirgin can, aikin wata ƙungiya mai fafutukar ɓalle tsibiran daga Sifaniya, aka kuma yi barazanar akwai na biyu. Hukuma ta rufe filin, aka karkatar da jirage zuwa Los Rodeos. Matuƙan Pan Am sun roƙi a bar su su yi ta shawagi a sama har a buɗe, tunda suna da isasshen mai. Aka ce a'a, su sauka.

Los Rodeos ƙaramin fili ne. Titin tashi da sauka guda ɗaya gare shi, sai wata hanya a gefensa da jirage ke bi a hankali kafin su isa bakin titin, da gajerun hanyoyi huɗu da suka haɗa su. A ranar, manyan jiragen da aka karkato sun cika wurin ajiye jirage har sun toshe hanyar gefen. Don haka duk jirgin da zai tashi, sai ya hau ainihin titin tashin, ya gangara har ƙarshensa, ya juyo ya fuskanci inda ya fito, sannan ya kwasa da gudu. A nan aka fara shuka hatsarin, domin titin da ya kamata jirgi ɗaya tak ya kasance a kansa ya koma hanyar wucewa.

Da aka buɗe Gran Canaria, Pan Am a shirye yake ya tafi, amma KLM ya tare masa hanya yana shan mai. Mataimakin matuƙin Pan Am, Robert Bragg, da injiniyansu har sauka suka yi suka auna ko za su iya raɓawa, suka tarar wurin ya gaza da kimanin ƙafa 12. Dole suka jira. Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, ya yanke shawarar cika tanki a nan, lita kusan 55,000, don kada ya ɓata lokaci a Gran Canaria. Yana da dalilinsa. Dokar Holan ta tsaurara a kan yawan sa'o'in da matuƙi zai yi a bakin aiki, wanda ya ƙetare iyaka yana iya rasa lasisinsa. In lokaci ya ƙure masa, jirgi zai kwana a tsibiri, a shiga neman otal ga mutum sama da 200, jadawalin kamfani ya wargaje. Shan man ya ci fiye da rabin sa'a, kuma a cikin wannan rabin sa'ar yanayi ya juya. Filin yana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, gajimare kan sauko ya kwanta a kan titin ya yi ta yawo, yanzu kana ganin nesa, an jima ko 'yan ɗaruruwan mitoci ba ka gani. Jami'in hasumiya ba ya ganin jiragen, jiragen ba sa ganin juna, filin ba shi da na'urar rada mai nuna motsin jirage a ƙasa, fitilun tsakiyar titi ma ba sa aiki. Rediyo kaɗai ya rage.

Aka umarci KLM ya gangara har ƙarshen titi ya juyo ya jira. Aka ce Pan Am ya biyo bayansa, amma ya fita daga titin ta mafita ta uku. Matuƙan Pan Am sun yi ta tantama, ta ɗaya aka ce ko ta uku, har jami'in ya ƙirga musu: ɗaya, biyu, uku, ta uku. Sai dai mafitun ba su da alluna masu nuna lamba, ga hazo, kuma ta ukun tana buƙatar wata muguwar kwana da ke da wuya ga ƙaton jirgi irin 747. Suka wuce ta, suka doshi ta huɗu. Suna nan a kan titin, suna tafiyar hawainiya, lokacin da KLM ya gama juyowa a can ƙarshe ya fuskanto su.

A nan sai mai karatu ya riƙe abu guda. Izini iri biyu matuƙi ke karɓa kafin ya bar ƙasa. Na farko izinin hanya ne: in ka tashi, ga inda za ka bi, ga tsayin da za ka hau. Na biyu shi ne izinin tashi kansa: titi naka ne, tafi. Samun na farko ba ya nufin an ba ka na biyu.

Van Zanten na gama daidaita jirgi a kan titi sai ya fara ƙara wa injuna wuta. Mataimakinsa, Klaas Meurs, ya ce, “Dakata, ba mu da izinin hasumiya tukuna.” Kyaftin ya sassauta, ya ce, “Na sani. To, tambaya.” Meurs ya kira hasumiya ya ce sun shirya tashi, suna jiran izinin hanya, wato ya haɗa buƙatu biyu a numfashi ɗaya. Jami'in ya karanto masa hanyar, cewa su hau zuwa ƙafa 9,000, su karya dama bayan sun tashi. Izinin hanya kaɗai ya bayar, amma kalmar tashi ta fito a ciki, kuma ita ce kalmar da kyaftin ya shafe sa'o'i yana jira. Meurs na cikin maimaita umarnin, van Zanten ya saki birki ya ce, “Mu je.” Meurs ya rufe maganarsa da wata jimla da ba ta cikin tsarin maganar rediyo, mai kama da “yanzu muna kan tashi”. Jami'in hasumiya ya ɗauka cewa suna tsaye a wurin tashi suna jira, domin bai ba kowa izini ba, ba kuma zai zo masa a rai cewa wani zai tafi babu izini ba. Ya ce, “Oke,” ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, “Dakata tukuna, zan kira ka.”

A daidai wannan ɗan shirun matuƙan Pan Am, da gabansu ya faɗi da jin maganar Meurs, suka danna maɓalli suka ce su fa har yanzu suna kan titi. Ga gargaɗi biyu, kowanne shi kaɗai ya isa ya tsayar da jirgin, amma da suka fito tare sai suka kashe juna. Abin da ya isa kunnen matuƙan KLM sarai shi ne “Oke”, sai tsuwwa ya biyo baya.

Akwai sauran dama guda, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Jami'in hasumiya ya ce wa Pan Am ya sanar da shi in ya fita daga titi, Pan Am ya amsa cewa zai sanar. Wannan musayar ta shiga ɗakin matuƙan KLM tas, babu tsuwwa. Matuƙan biyu hankalinsu na kan gudun jirgi, amma injiniyan da ke zaune a bayansu, Willem Schreuder, ya ji. Ya ce, “Anya ya fita kuwa?” Kyaftin ya ce, “Me ka ce?” Ya sake cewa, “Anya ya fita, na Pan American ɗin nan?” Kyaftin ya amsa da ƙarfi, “E mana!” Schreuder bai sake magana ba.

Daƙiƙoƙi kaɗan bayan haka matuƙan Pan Am suka hango fitilu na kaɗawa cikin hazo suna doso su. Kyaftin Victor Grubbs ya ba injuna wuta duka ya karkata hagu zuwa ciyawa, Bragg na ihu, “Fita! Fita! Fita!” Van Zanten ya ja sitiyari da dukkan ƙarfinsa don ya tsallake, har jelar jirgin ta goge kwalta na tsawon kimanin mita 20. Hancin ya wuce, amma jirgin ya yi nauyi da man da ya sha. Tayoyinsa da injunansa suka yage rufin Pan Am, ya faɗi can gaba ya kama da wuta. Ƙarfe 5:06 na yamma ke nan. Duk mutum 248 da ke cikin KLM suka rasu. Cikin mutum 396 na Pan Am, 335 suka rasu, 61 suka tsira, har da matuƙansa. Saboda hazo, 'yan kwana-kwana sun ɗauki lokaci suna fama da wutar KLM ba su san akwai jirgi na biyu da ke ci ba.

Wane ne van Zanten? Shi ne shugaban horar da matuƙan 747 na KLM, ɗan shekara 50, mai sa'o'in tuƙi kusan 11,700. Hotonsa kamfanin ke sakawa a tallarsa. Da labarin hatsarin ya isa Amsterdam, shi manyan kamfanin suka fara nema don ya shiga aikin bincike, kafin su gane shi ne a kujerar tuƙin. Masu bincike sun lura cewa ya fi ɓata lokacinsa a ɗakin na'urar koyon tuƙi, inda shi ne malami, shi ne kuma ke ba ɗalibai izinin tashi da bakinsa, babu wata hasumiya da ake jira. Meurs kuwa bai cika sa'o'i 100 a kan 747 ba, kuma van Zanten ne ya jarraba shi ya tabbatar da cancantarsa 'yan watanni kafin nan. Ya riga ya tsayar da malaminsa sau ɗaya a cikin minti guda. Yi na biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Mu da aka raina a kan cewa yaro ba ya ɗaga wa babba murya, mun fi kowa sanin nauyin da ke kan harshen mutanen nan biyu. Schreuder ma ba yaro ba ne, ya fi kyaftin ɗin yawan sa'o'i a sama, muƙami ne kawai ya raba su. Ya gane gaskiya, ya kuma faɗe ta, amma a siffar tambaya, yadda na ƙasa ke yi in yana son ya nusar da na sama ba tare da ya kunyata shi ba. Ita kuwa tambaya ana iya amsa ta da “e mana” a wuce. Ba na ganin laifinsa, kuma ban yarda girmama na gaba aibi ne ba. Abin da nake cewa shi ne a ɗakin matuƙa, a kan jirgin da ke gudu cikin hazo, ladabin da ya hana mutum cewa “tsaya” ya daina zama ladabi, kuma babban da ya bari na ƙasa da shi ke shakkar faɗa masa haka ya toshe kunnensa da hannunsa.

Rahoton Sifaniya ya ɗora babban alhakin a kan kyaftin ɗin KLM, cewa ya tashi ba da izini ba. Hukumomin Holan sun fi jaddada rashin fahimtar juna da kalmomin da ba sa kan tsari daga ɓangarorin biyu. Daga baya KLM ya karɓi alhaki ya biya diyya. A ganina duka biyun sun faɗi gaskiya, kuma gyaran da ya biyo baya ya bi ta kan duka biyun.

Gyara na farko a harshe aka yi shi. Yau kalmar tashi ba ta fitowa daga bakin jami'in hasumiya ko matuƙi sai a wuri biyu: lokacin da ake ba da izinin tashi, da lokacin da ake soke shi. A duk sauran magana wata kalma dabam ake amfani da ita, mai ma'anar barin gari. Ba a amsa muhimmin umarni da “oke” ko “na ji”. Dole matuƙi ya maimaita shi da bakinsa, ya faɗi lambar titi, ya faɗi lambar jirginsa, shi kuma jami'in ya kasa kunne ya tabbatar abin da ya dawo shi ne abin da ya aika. Akwai lambobin da ake furtawa ta wata hanya ta musamman don kada biyar ta yi kama da tara a rediyo mai shashshaka, haruffa kuma kowanne da sunansa, Alfa, Bravo, Charlie, har ƙarshe. Wanda ya saurari wannan magana zai ji ta a bushe, babu gaisuwa mai tsawo, babu ado, maimaici ne kan maimaici. Da gangan aka busar da ita.

Gyara na biyu a zamantakewar ɗakin matuƙa ne. Bayan Tenerife da wani hatsarin jirgin United a Portland a 1978, hukumar NASA ta Amurka ta shirya taro a 1979 kan yadda ma'aikatan jirgi ke aiki tare, kuma a 1981 United ya fara koyar da sabon tsarin. Ana koya wa kyaftin ya nemi ra'ayin na ƙasa da shi tun kafin a kunna inji, ana koya wa mataimaki ya faɗi damuwarsa ƙarara, in ba a ji ba ya ƙara ƙarfi mataki-mataki har ya kai ga umarni. Yanzu wannan darasi wajibi ne a kamfanonin jirage na duniya, har asibitoci sun ara suna koya wa masu aikin tiyata.

Amma ba a koyi darasin a zama ɗaya ba. A 25 ga Janairu, 1990, jirgin Avianca ƙirar Boeing 707 daga Kolombiya ya shafe fiye da sa'a guda yana shawagi yana jiran sauka a New York saboda mummunan yanayi. Mai na ƙarewa, kyaftin na ta ce wa mataimakinsa ya sanar da hasumiya suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya ce suna buƙatar a ba su fifiko, ya ce mansu na ƙarewa, amma bai taɓa furta takamaimiyar kalmar da ke sa jami'i ya kawar da kowa ya buɗe hanya ba. Injuna suka mutu, jirgin ya faɗi a Cove Neck, mutum 73 cikin 158 suka rasu. A Nuwamba 1996 kuma jirgin Saudiyya da na Kazakhstan suka yi karo a sama kusa da Delhi, mutum 349 suka halaka, bincike ya nuna jirgin Kazakhstan ya sauko ƙasa da tsayin da aka ba shi, ya kuma ambaci raunin Ingilishin matuƙansa. Irin waɗannan ne suka sa hukumar ICAO, mai tsara dokokin sufurin sama na duniya daga Montreal, ta wajabta daga 2008 cewa duk matuƙi da jami'in hasumiya mai hulɗa da jiragen ƙasa da ƙasa sai ya ci jarrabawar Ingilishi, aƙalla mataki na 4 cikin 6. Ba haddar jimloli kawai ake so ba, ana so in abin da ba ya cikin littafi ya faru, mutum ya iya bayyana shi a fahimta.

Wannan doka ita ce ke aiki a hasumiyar filin Malam Aminu Kano da ta Yamai. Ita ake koyarwa a kwalejin sufurin sama ta Zariya da makarantar EAMAC ta Yamai, inda ake yaye jami'an hasumiya. Alhajin da ke zaune cikin jirgi a Kano ko Sakkwato yana jiran tashi zuwa Jidda, rayuwarsa na rataye a kan 'yan jimlolin da matuƙi, wanda sau da yawa baƙo ne, zai yi musaya da jami'in hasumiya ɗan gida, cikin harshen da wataƙila babu wanda aka haifa da shi a cikinsu. In hazon hunturu ya sauko har aka dakatar da tashi, mutane kan yi ta gunaguni a zauren jira, ni kuwa ina ganin wanda ya ce a dakata ya cancanci a sa masa albarka.

Magana kaɗai ba ta isa ba, sai an ba jami'in hasumiya ido. A 8 ga Oktoba, 2001, a filin Linate na birnin Milan a Italiya, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya bi hanyar da ba ita aka ce ya bi ba cikin hazo, ya shiga titi daidai lokacin da jirgin SAS ke gudun tashi. Mutum 118 suka rasu. Filin ba shi da radar ƙasa mai aiki, alamomin hanyoyin ba sa kan ƙa'ida, har matuƙin Cessna ya ambaci wata alama da ya gani a ƙasa wadda jami'in bai san da ita ba, aka wuce maganar ba a tsaya an tantance ba. Shekara 24 bayan Tenerife ke nan, a tsakiyar Turai. Tun daga nan manyan filaye suka ƙara ƙaimi wajen kafa radar ƙasa mai ƙara in jirage biyu suka doshi wuri ɗaya, da jajayen fitilu da aka binne cikin kwalta a bakin titi, waɗanda doka ta hana matuƙi ƙetare su muddin suna ci, ko da ya ji kamar an ba shi izini.

Ko da waɗannan, abin bai ƙare ba. A 2 ga Janairu, 2024, a filin Haneda na Tokyo, jirgin masu tsaron gaɓar tekun Japan na shirin kai kayan agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa. Hasumiya ta ce masa ya je ya tsaya a wurin jira kusa da titi, ta kuma ce shi ne na ɗaya, wato a layin tashi. Matuƙan suka maimaita umarnin daidai, amma suka shiga titin suka tsaya na kimanin daƙiƙa 40, suna ganin an ba su. Fitilun tsayarwa na wurin ba sa aiki a lokacin, gargaɗin da ya bayyana a allon hasumiya kuma ba a lura da shi ba. Jirgin Japan Airlines ƙirar Airbus A350 ya sauko a kansu. Biyar cikin shida na ƙaramin jirgin suka rasu, mutum 379 na babban jirgin duka suka fita da rai kafin wuta ta cinye shi. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne an yi maimaicin, an kuma yi shi daidai. Baki ya faɗi abu ɗaya, zuciya mai gaggawar kai taimako ta riƙe wani. Hukumomin Japan sun dakatar da amfani da kalmar “na ɗaya” na wani lokaci bayan haka.

Kusan shekara guda kafin nan, da sanyin safiyar 4 ga Fabrairu, 2023, an kusa maimaita Tenerife a birnin Austin na Amurka. Hazo ya rufe fili, babu radar ƙasa, jami'in hasumiya ba ya ganin titi. Ya ba jirgin dakon kaya na FedEx izinin sauka, sannan ya ba jirgin Southwest mai ɗauke da mutum 128 izinin tashi a kan titin guda, yana zaton zai riga ya tafi kafin wancan ya iso. Southwest bai fara gudu da wuri ba. Mataimakin matuƙin FedEx ne ya hango inuwar jirgi a ƙarƙashinsu cikin hazo. Bai tambaya ba, ya ce a fasa sauka, kyaftin ɗinsa kuma bai tsaya jayayya ba, ya ba injuna wuta suka koma sama. Masu bincike sun ƙiyasta tazarar da ta rage tsakanin jiragen biyu da ƙafa 150 zuwa 170. Rahoton hukumar binciken haɗurra ta Amurka ya ɗora laifin a kan zaton da jami'in ya yi, ya kuma nemi a sanya na'urorin gano motsin jirage a ƙasa a filayen da ba su da su. An kafa wa Austin irin wannan na'ura a 2024. Filaye da yawa a duniya har yanzu suna jiran tasu, kuma a dukkansu, masu ita da marasa ita, izinin tashi da baki ake bayar da shi, ta rediyon da mutum biyu ke iya dannawa tare.